Harafin da na ƙara a takardar haihuwar 'yata

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki bik, wato biro, kuma ina roƙon kada a nemi sunana ko na waɗanda zan ambata.

A shekarar da abin ya faru ni magidanci ne da ya ba hamsin baya, ina da 'yar rumfa inda nake sayar da atamfa da shadda da yadi, ina zaune a Zongo nan Wagadugu, inda aka haife ni aka haifi mahaifina. Kakanmu ne fataucin goro ya kawo shi daga Kano bai koma ba. Karatuna na lakwal, makarantar boko ke nan, bai wuce aji shida ba, amma Allah Ya ba ni rubutun hannu mai kyau, shi ya sa tsofaffin layinmu suke kawo mini takardar ruwa da ta wuta in duba musu, ko in rubuta musu wasiƙar neman wani abu a ofis. Ina kuma da wata lalura da a lokacin nake ɗauka ado ce, wato waswasi. In na yi alwala sai na sake, don ban tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannu ba. In na kulle rumfa na hau moto, wato babur, sai na dawo daga bakin titi na girgiza kwaɗon. Yadi kuwa ba na sa masa almakashi sai na auna sau biyu, har wani abokina Bamoshe, ɗan ƙabilar da ta fi yawa a garin nan, wanda muka tashi tare, mai gyaran moto a Gounghin, ya sa mini suna Awo-biyu. Mutane suna cewa ni mai tsantseni ne, ni kuma ina jin daɗin yabon, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko tsantseni ne ko tsoro.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san nauyin wannan, ga kunyar ɗan fari ga sunan uwa. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, Uwata nake ce mata. Daga nan matsalar ta samo tushe. Ranar da na je mairi, ofishin magajin gari, a yi mata takardar haihuwa, abokin nan nawa ne ya raka ni. Da ma'aikacin ya tambayi sunan jaririya sai na sunkuyar da kai na zunguri abokina, shi ya faɗa. Sunan da harafin H yake farawa, amma Bamoshe ba ya damuwa da wannan harafi a farkon kalma, wanda ya yi karatun Faransanci kuma ko ya gan shi ba ya furtawa. Yadda aka faɗa haka aka buga, babu H. Na gani a ranar, na yi shiru, don gyarawa na nufin in buɗe baki in faɗi sunan a gaban mutane. Da ta shiga lakwal kuma ni na rubuta wa daraktan sunan a 'yar takarda da hannuna, na rubuta shi daidai da H ɗinsa, tunda rubutu ba furuci ba ne. Haka yarinya ta tashi da suna iri biyu, ba wanda ya kula, har takardar Bak ɗinta, ta gama sakandare, ta fito da H.

Tun tana ƙarama ita ce mai raka tsofaffin matan unguwa asibiti, don da yawansu Faransanci babu, Moshancin ma na kasuwa ne, ba ya isa a faɗi inda ke ciwo. Takan dawo tana ba uwarta labari cikin fushi yadda wata tsohuwa ta ce zuciyarta na tashi aka ɗauka ciwon zuciya take nufi. Don haka da ta ce makarantar koyon aikin jinya take so, anfirmiye take son zama, ba wanda ya yi mamaki. Shiga makarantar nan sai da kwankur, jarrabawar da jama'a mai yawa ke rubutawa a ɗebi kaɗan. Ta yi shekara guda tana shiri, ita da ƙawayenta uku, a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu, suna ta haddar sunayen ƙasusuwa suna cakuɗa Hausa da Faransanci har uwarta ta ce sun hana kaji kiwo. Da aka buɗe karɓar dosiye, wato tarin takardun neman shiga, ita da kanta ta zo ta durƙusa gabana da takardu biyu, ta ce Baba duba, Bak da H, takardar haihuwa babu, ta ji an ce irin wannan yana sa a mayar wa mutum dosiyensa. Ta ce gobe za ta je ta tambaya yadda ake yi. Na karɓe takardun na ce ta zauna ta yi karatunta, maganar ofis ba ta yara ba ce, ni zan je.

Kuma na je, Allah Ya sani na je. Na bi layi a mairi tun hantsi. Saura mutum biyu a zo kaina sai na ji ma'aikacin yana tambayar wani dattijo mai hula irin tamu inda aka haifi ubansa, da inda aka haifi kakansa, yana yi yana murmushi, ya ce ku mutanen Zongo kowa ya ce nan aka haife shi. Wataƙila wasa yake yi. Duk ɗan Zongo ya san wannan tambaya, ka yi shekara hamsin a gari amma sunanka kaɗai ya isa a dube ka kamar jiya ka sauka daga motar Yamai. Sai waswasi ya fara aikinsa. Ya ce mini in na nuna kuskuren nan za su buɗe babban littafi, in sun buɗe za su nemi takardun mahaifina waɗanda rabinsu asu ya cinye, in ba a samu ba za a ce yarinyar ba 'yar ƙasa ba ce, kuma kwana huɗu ya rage a rufe karɓa. Na fita daga layi kamar wanda fitsari ya kama, na hau moto na koma rumfa, ban tambayi kowa komai ba.

Bayan azahar na saki labulen rumfa na shimfiɗa takardar haihuwar a kan teburin awo. Da manyan baƙaƙe aka buga sunan, kuma kafin harafin farko akwai ɗan fili, daidai wurin harafi ɗaya, kamar an bar mini shi. Na sayo baƙin bik mai siririn baki. Na yi ta gwadawa a bayan kwalin da ake naɗe shadda, na cika shi da H fiye da ɗari, har sai da hannuna ya kama girman bugun inji. Sannan na yi bisimilla, abin da har yau yake ƙona mini rai, na ja layi biyu a tsaye da ɗaya a kwance. Na gaya wa kaina ba ƙarya nake yi ba, sunanta na gaskiya nake mayarwa, sunan da liman ya raɗa mata. Na kai aka yi fotokofi, a fotokofin ko ni ban iya bambance harafina da na inji ba. Na kai inda ake buga hatimin shaida cewa kwafi ya yi daidai da asali, jama'a sun yi yawa, mutumin ya dubi wannan ya dubi wancan da wutsiyar ido ya buga. Da yamma na miƙa wa 'yata kwafin mai hatimi na ce an gyara a mairi. Ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya, ta ce ita da ma ta san in Baba ya shiga magana ta ƙare. Ta ce saura katin ɗan ƙasa, shi ma babu H. Na ce wannan a bari sai bayan kwankur.

Daga ranar da ta kai dosiye ban ƙara samun natsuwa ba. Ranar jarrabawa ana yayyafi, ni na kai ta wata lakwal a Larle inda aka raba su, na tsaya a gindin bishiya tare da sauran iyaye har aka tashi. Ta fito tana dariya, ta ce mai gadin ɗakinsu ya daɗe yana duba katinta da jerin sunaye, ya ce mata madmazel H ɗinki ya faɗi a hanya ne, ta ce masa an gyara a mairi, kati ne bai riga ya biyo ba. Ta ce ya yi wani ɗan rubutu a gefen sunanta sannan ya bar ta ta shiga. Na tambaye ta me ya rubuta, ta ce ba ta gani ba. Na sake tambaya a kan hanya, na sake a ƙofar gida, har ta ce Baba waswasin ne ya motsa. Wannan ɗan rubutu da ban gani ba ya zauna a kaina wata da watanni.

Jiran sakamakon kwankur wani irin jira ne da babu ranar da aka yanke masa. Kullum ana cewa mako mai zuwa. Duk gidan da ke da ɗan takara kunnensa na kan rediyo, idonsa na kan waya. Sauran iyaye suna tsoron kada 'ya'yansu su faɗi, ni kuwa na rasa wanne nake tsoro, faɗuwa ko ci. Wata rana ina yanka wa wata mata atamfa rediyon maƙwabcina ya yi maganar masu shiga aikin gwamnati da takardun jabu, da yadda ake tono su ko bayan shekaru. Almakashi ya kauce ya shiga cikin zanen, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. In baƙon moto ya tsaya a ƙofar gidanmu sai in ɗauka ni aka zo nema. Sau ɗaya wani mutum da jaka a hammata ya tambayi gidana, ashe mai karanta mitar ruwa ne sabo, amma sai da na zauna a dakali kafin in iya amsa sallamarsa. Abokina Bamoshe ya zo rumfa ya dube ni ya ce Awo-biyu, yarinya ce ta rubuta kwankur amma kai ne kake ramewa, ko kai ma ka shiga a ɓoye kana son ka riƙa yi wa mata allura. Ya ce in na ci shi dai ba zai kawo mini ɗuwawunsa ba, don sai na soka sau biyu kafin in yarda ta shiga. Na yi dariyar dole. Na so in gaya masa, tunda da bakinsa aka fara, amma na san zai ce mu tashi yanzu mu je ofis, ni kuma abin da ba na so in ji ke nan.

Mai ɗakina ta lura. Ta ce Malam, tuwon nan kana juya shi ne kawai, ko an yi maka wani abu a kasuwa. Na ce zafi ne. Ita kuma 'yata ta aro abin awon jini wurin wata maƙwabciya tana koyon ɗaurawa, ta mai da ni majinyacinta na farko. Takan naɗa mini a dantse ta matsa, ta ɗaure fuska irin ta manyan asibiti, ta kira ni mushe kamar yadda ake kiran namiji da Faransanci, ta ce tansiyonka, wato jininka, ya hau, me kake sa wa ranka. Ƙannenta su yi ta dariya. Ni kuwa ina kallon tsakiyar kanta tana sunkuye a kan hannuna, hannun da ya yi abin, in ji kamar in yi magana, sai in ce bari dai sakamako ya fito, in ta faɗi magana ta mutu ba wanda ya sani. Ku duba inda na kai: uba yana zaune yana lissafin cewa faɗuwar 'yarsa ita ce mafitarsa.

Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu gare shi bayan la'asar, na ce wani mutum ne ya aiko ni da tambaya, ya gyara suna a takardar hukuma da hannunsa, amma sunan gaskiya ya rubuta. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe. Ya ce in gaya wa wani mutumin cewa takarda amanar masu ita ce, ko gaskiya zai rubuta ba shi aka ba alƙalamin ba. Ya ce ya tashi ya je ya faɗa da bakinsa tun kafin a gano da ido, don wanda ya kai kansa da wanda aka kamo ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Da zan tafi ya ƙara da cewa in gaya wa wani mutumin ya riƙa cin abinci. Na fito na kama hanyar gida da niyyar in tara iyalina in faɗa. Na tarar da 'yata tana yi wa uwarta kitso suna hira, na wuce ɗaki.

Sakamako ya fito wata Talata da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke. Ina rumfa ta kira ni, ta ce Baba na ci, sunana na nan. Kafin in iso gida guɗa ta cika layi. Ta nuna mini jerin a waya, na ga sunan da H ɗinsa, sai idona ya hau kan wani layi da aka rubuta a saman jerin gaba ɗaya. Faransancina bai kai can ba, na ce ta fassara mini. Ta ce ba komai ba ne, haka suke rubutawa kowace shekara, wai waɗannan sun ci amma da sharaɗin za a yi bincike mai zurfi a kan takardunsu. Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Mata suna shigowa da kwanonin abinci, tsofaffin da take rakawa asibiti suna shafa kanta suna cewa yanzu sun sami tasu, wata ta ce ita ta fasa mutuwa sai yarinyar nan ta fara aiki. Mai ɗakina ta ce in yanko farin yadi mafi kyau a rumfa na rigar aiki, kada a ce 'yar mai yadi ta sa na gwanjo. Na yanko. Duk wanda ya yi mini barka na amsa, amma kalmomin nan uku, bincike mai zurfi, su kaɗai nake ji.

Bayan kwana kaɗan aka ce waɗanda suka ci su kawo cikakken dosiye: sabuwar takardar haihuwa daga mairi, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da ta kotu mai nuna mutum ba shi da laifi. Wannan karon ba ta jira ni ba, da kanta ta je. Takardar zama ɗan ƙasa, wadda tsoronta ya fitar da ni daga layi, aka ba ta ba tare da an tambayi inda aka haifi kakan kowa ba. Amma sabuwar takardar haihuwa daga babban littafi ake kwafo ta, ta fito yadda aka buga tun farko, babu H. Ta same ni a rumfa ta ajiye ta a kan teburin awo, ta ce Baba ba ka ce an gyara ba. Nan ne Allah Ya ba ni dama ta ƙarshe, kuma nan ne na fi yin kuka in na tuna. Da na faɗa mata a ranar, da ta san abin da za ta ce da wanda ba za ta ce ba. Sai na ji bakina yana cewa ai ka san aikin ofis, sun gyara a takarda ba su riga sun shigar a littafi ba. Ban taɓa yi mata ƙarya ba a saninta, don haka ta naɗe takardarta ta tafi. Da ta kai dosiye aka tambaye ta bambancin, ta maimaita maganata da ƙarfin zuciya, har ta sa hannu a ƙasan bayanin.

Mako biyu babu labari. Ƙawarta ɗaya da suka ci tare aka kira ta ta je ta ga ajinsu, tawa ba a kira ba. Sannan saƙo ya zo cewa ta zo ofis ranar Alhamis da asalin tsohuwar takardar haihuwarta. Ta zo ta karɓa a hannuna, sai a bakin ƙofa ta juyo ta ce in ba ni da aiki in raka ta. Aka shigar da mu wurin wata mata mai furfura a goshi, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta jera takardun a tebur, ta ce sun tuntuɓi mairi, ba a taɓa neman gyara a wannan suna ba. Ta ɗaga tsohuwar takardar wajen hasken taga ta juya bayanta. Bugun inji ya shafe da tsufa, amma inda bik ya danna ya fito a baya kamar jijiya, layi biyu a tsaye ɗaya a kwance. Ta tambayi 'yata wa ya rubuta wannan. 'Yata ta san hannuna, a kansa ta koyi rubutu. Ta dubi takardar, ba ta dube ni ba. Matar ta sake tambaya, ta ce shirun nan ba zai taimake ta ba. Na ga yarinyar nan ta buɗe baki, na kuma gane abin da take shirin faɗa, za ta ce ita ce. Sai na miƙe tsaye na ce madam ni ne, ni na yi, ita ba ta sani ba, na haɗa da Faransanci da Moshanci da rantsuwa.

Matar ta bar ni na gama. Ta ce ta yarda da ni, don ta ga iyaye iri-iri a kujerar nan. Amma dosiye da sunan yarinya yake, ita ta kawo, ita ta sa hannu a kan bayanin da ba gaskiya ba, kuma akwai wasu 'ya'yan mutane a jerin jira da takardunsu ba tabo. Ta ce za a soke cin, za a kuma hana ta shiga kwankur na wani lokaci, maganar kai ni gaba kuwa za ta rubuta yadda na faɗa da bakina, sauran ya rage ga na sama da ita. Sannan ta tambaye ni abin da ya sa ban zo na tambaya ba tun farko. Ta ce suna biyu ga mutum ɗaya abu ne da suke gani kullum, musamman sunayenmu, akwai takarda da ake bayarwa mai shaida cewa mai H da marar H mutum ɗaya ne, da shaidu biyu ake yin ta, ba ta cin mako guda, kuma ko ranar rufewa ta zo ana karɓar dosiye a jira ta. Mutum biyu ne kawai suka rage tsakanina da wannan amsa ranar da na fita daga layi.

A hanyar komawa tana bayana a moto, ba ta yi kuka ba, ba ta riƙe rigata ba kamar yadda ta saba, ƙarfen baya ta riƙe. Da muka iso bakin layi ta ce in sauke ta nan, za ta ƙarasa da ƙafa. Ni na gaya wa uwarta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce Malam, kai da kake sake alwala don ɗigon ruwa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Unguwa kuwa ba a iya ɓoye mata komai. Wasu suka ce yarinyar takardar jabu ta saya, wasu suka ce da ma Bak ɗin ba nata ba ne. Na bi gida gida inda na ji an yi maganar ina cewa ni ne, amma zancen farko ya riga ya yi nisa. Ni ba a kai ni gaba ba, an kira ni an ja mini kunne an sa na sa hannu. Wanda ya yi laifin ya koma rumfarsa, wadda ba ta yi ba ita ta zauna a gida tana ganin ƙawarta na wucewa da farar riga.

Yau shekaru sun ɗan shuɗe. Ta yi takardar shaidar nan da kanta, abokina Bamoshe na cikin shaidun, kwana biyar aka ba ta. Tana aiki a wani shagon magani a Kamsaoghin. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe ni, ita ke tuna mini maganin hawan jini. Na nemi gafararta ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe. Amma ta kwashe takardunta kaf ta kai gidan ƙanwar uwarta, har da na ƙannenta, kuma ban ce don me ba.

Abin da na koya shi ne waswasi ba tsoron Allah ba ne. Ya sa ni ina wanke hannu sau shida, bai hana hannun yin abin da ya yi ba. Ya nuna mini bala'i goma da ba su zo ba, ya ɓoye mini guda ɗaya da nake ƙullawa da kaina. Kuma harafin bai kai ƙaryar muni ba, domin harafin takarda ya ɓata, ƙaryar kuwa ita ta sa 'yata ta tsaya gaban hukuma ta rantse a kan abin da babu. Ina kira ga iyaye, musamman mu na Zongo da sunayenmu ke shan wahala a bakin masu rubutu: ku duba takardun 'ya'yanku tun suna ƙanana, in kunya ta hana ku faɗin suna ku rubuta ku miƙa. In kun ga bambanci ku tsaya a layi har a zo kanku, ko da za a yi muku tambayar da ba ku so. Kada ku taɓa takardar hukuma da bik, ko da gaskiya za ku rubuta. In kuma kun riga kun yi, ku faɗa wa mai takardar yau, kafin a tambaye shi.

Bana wa'adin da aka ɗora mata ya cika, ta sake shiga kwankur. A bakin uwarta na ji. Ban ga dosiyenta ba, ban san ɗakin da ta rubuta ba, kuma ban tambaya ba. Ana cewa sakamako mako mai zuwa. Duk wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu ya sa yarinyar nan a ciki, ba don ubanta ba.